Wa ya kai injin eksire bayan sama? Amsa ga mai ɗaukar hoton ƙirji a Daura

Wani ɗan'uwa da ke aikin ɗaukar hoton eksire a wani asibiti a Daura ya rubuto mini: "Malam, na ji an ce masana taurari suna ɗaukar sararin samaniya hoton eksire, har sun gano wata iska mai zafin digiri miliyoyi a can. Mu dai a wurin aiki sai mun sa inji a gefe guda, faranti a ɗaya gefen, majinyaci a tsakiya. To su wa ya kai musu inji bayan sama? Kuma wane ma'aunin zafi aka tsoma a cikin iskar? Ni abin ya yi mini kama da shaci-faɗi."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shekaruna da dama ina koyar da fiziks a nan Katsina, kuma da a ce ɗalibaina za su riƙa tambaya irin taka da na ji daɗi. Kai ma ka fi kowa kusa da amsar, don abin da ke faruwa a cikin bututun injin da kake kunnawa kullum shi ne yake faruwa a can.

Hoton da kake ɗauka inuwa ce. Injinka yana fesa haske, tsoka ta bar shi ya wuce, ƙashi ya tare, sai inuwar ƙashin ta fito a faranti. Masanin taurari ba shi da inji, faranti kaɗai yake riƙe da shi. Abin da yake son ɗauka shi da kansa yake fitar da hasken, kamar yadda kake hango wutar mai tsire daga nesa da daddare ba tare da wani ya haska maka ita da tocila ba.

Me zai sa abu ya fitar da eksire da kansa? Zafi. Ka tsaya wurin maƙera ka kalli ƙarfe a cikin wuta. Da fari baƙi ne, ko da yake in ka matso da hannu za ka ji hucinsa. Yaro ya ci gaba da zuga, sai ya yi ja, sai ruwan goro, in wutar ta yi ƙarfi ya doshi fari. Maƙeri ba ya tsoma komai a ciki, launin yake karantawa ya san lokacin duka ya yi. Fuskar rana tana da zafin digiri kusan 5,500, shi ya sa haskenta ya fi yawa a inda idonmu ke gani. In zafi ya haura digiri miliyan, mafi yawan hasken sai ya tsallake abin da ido ke iya kamawa, ya zama eksire. Saboda haka duk inda aka ga eksire a sama, to akwai matsanancin zafi ko wani babban tashin hankali a wurin.

Matsalar ita ce wannan haske ba ya iso mana ƙasa. Iskar da ke kanmu, in aka auna nauyinta, daidai take da ruwa mai zurfin mita 10. Ga shi kuma eksiren da ke zuwa daga waɗannan wurare mai laushi ne. Kai kana ɗaukar ƙirji da kilobolt 100 ko fiye, su kuwa nasu yawanci tsakanin 1 ne zuwa 10 a ma'aunin keV, wato ƙarfin da ilektiron ke samu in ya ratsa kilobolt ɗaya zuwa goma. Irin wanda ƴar tacen alminiyon da ke bakin injinka take tarewa don kada fatar majinyaci ta sha shi a banza, shi ne su suke nema ido rufe. Ko ka hau Hasumiyar Gobarau, ko dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya, ba za ka samu ko ƙwaya ɗaya ba. Rahama ce gare mu, wahala ce ga masu bincike. Shi ya sa duk da Röntgen ya gano eksire tun 1895, sai da aka samu roka sannan aka fara wannan ilimi.

A 1949 Herbert Friedman da abokan aikinsa a Amurka suka ɗora na'ura a kan rokar V-2, irin da aka ƙwato daga Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, suka tabbatar rana na fitar da eksire. A watan Yuni na 1962 Riccardo Giacconi da Bruno Rossi da abokansu suka harba wata ƙaramar roka daga White Sands a Amurka. Mintuna kaɗan ta yi a saman iska, amma ta kamo wani abu mai tsananin hasken eksire a burujin da malaman falaki ke kira Aƙrabu, aka sa masa suna Scorpius X-1. Giacconi ya samu kyautar Nobel a 2002.

Wani abu da nake son gaya wa ɗalibai kowace shekara: tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa wannan aiki daga Afirka ya tashi. Ran 12 ga Disamba 1970 aka harba shi daga wani dandamalin Italiyawa da ke cikin teku kusa da Malindi a Kenya, ranar da Kenya ta cika shekara bakwai da samun ƴancin kai, aka kuwa raɗa masa Uhuru, wato ƴanci da Swahili. Jerin da ya bari na ƙarshe yana da wurare 339 masu fitar da eksire.

Kafin in gaya maka abin da Uhuru ya gani, bari mu daidaita sunaye, don nan ne mutane ke rikicewa. Kaza da ƴaƴanta da muke gani da hunturu gungun taurari ne, maƙwabtanmu ne, shekarar haske 440 kacal (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara guda). Su da rana da duk tauraron da idonka ya taɓa rarrabewa suna cikin birni guda na taurari, mai taurari sama da biliyan 100. Irin wannan birni shi ake kira galaksi. Su kuma galaksi ba su cika zama su kaɗai ba, sukan taru ɗaruruwa ko dubbai, ƙarfin jan da kowane abu mai nauyi yake da shi ya ɗaure su wuri guda. Wannan shi ne gungun galaksi. Mafi kusa da mu daga cikin manya yana burujin Sumbula, ana kiransa gungun Virgo, nisan shekarar haske wajen miliyan 54. Akwai na Perseus, wajen miliyan 240, da na Coma, sama da miliyan 300.

In ka duba irin wannan gungu da madubin hangen nesa na yau da kullum, za ka ga galaksi warwatse kamar garuruwa a cikin daji, tsakaninsu baƙi ƙirin. Kowa ya ɗauka fili ne fetal. Da Uhuru ya duba Coma da Perseus da Virgo a farkon shekarun 1970, sai ya ga hasken bai tsaya a kan galaksi ɗai-ɗai ba, ya bazu ne ko'ina, faɗin miliyoyin shekarun haske, kamar hazo ya lulluɓe gari. Dajin da aka zata babu kowa, ashe cike yake.

A cikin bututun injinka, ana ingiza ilektiron da gudu su daki farantin tangistin. Da sun zo gab da cibiyar ƙwayar zarra sai su karkace, gudunsu ya ragu, ƙarfin da suka rasa ya fita a matsayin eksire. Jamusawa suka sa wa wannan suna mai ma'anar hasken taka birki, na tabbata an koya maka shi a makaranta. To iskar da ke tsakanin galaksi, wadda yawancinta haidirojin ne da hiliyom, zafi ya riga ya tuɓe wa ƙwayoyinta ilektiron ɗinsu, kowa na yawo sakaka. Duk lokacin da ilektiron ya gifta kusa da wata cibiya, sai ya taka birki ya saki eksire. Kai wutar lantarki ke ba naka gudu, su zafi ke ba su.

Ma'aunin zafin da ka tambaya yana nan. Ka san in ka murɗa kilobolt sama, hasken da ke fita yakan ƙara ƙarfin ratsawa; in aka ba ƙwararre hasken kawai, zai iya gaya maka inda ka ajiye maɓallin. Na'urorin da ke sama suna auna ƙarfin kowace ƙwayar haske da ta shigo, ɗaya bayan ɗaya, a ga nawa ne masu laushi nawa ne masu ƙarfi, kuma a ina adadin ya fara zubewa. Inda ya zube shi ke faɗin zafin. Akwai shaida ta biyu. Kamar yadda tangistin yake da nasa layuka na musamman, haka baƙin ƙarfe. Ƙwayar zarrar ƙarfe tana da ilektiron 26. In zafi ya fizge 24 ya bar mata biyu, takan fitar da haske a daidai keV 6.7. A 1976 tauraron Birtaniya mai suna Ariel 5, wanda shi ma daga gaɓar Kenya aka harba shi, ya ga wannan layi a gungun Perseus. Ba a yi wa ƙarfe irin wannan tsiraici sai a zafin digiri miliyoyi masu yawa. Shaidu biyu sun haɗu: Virgo na da wajen digiri miliyan 25 zuwa 30, Coma ya doshi miliyan 100. Tsakiyar rana miliyan 15 ce.

Shi kansa ƙarfen labari ne. Babu inda ake ƙera ƙwayar zarrar ƙarfe tun asali sai cikin taurari, musamman lokacin da suka fashe. Ganinsa a fili tsakanin galaksi yana nufin tsoffin taurari sun mutu, an watso tokarsu waje. Yawansa in an kwatanta da haidirojin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikin rana.

Ba ka tambayi abin da ya dafa iskar ba, amma a wurina nan ne zuciyar maganar. Babu wata wuta da ake hurawa. Nauyi ne. Gungun galaksi yana da nauyin rana sau tiriliyan ɗari zuwa sama da tiriliyan dubu, duk abin da ya faɗo cikinsa sai ya shigo a guje. Galaksin da ke cikin Coma suna zirga-zirga da gudun kilomita wajen 1,000 a daƙiƙa, wato Katsina zuwa Legas kafin ka ce kwabo. Iskar da ta faɗo da irin wannan gudu tana karo da wadda ta riga ta, gudun ya rikiɗe ya zama zafi, domin zafi dai ba komai ba ne illa kai-komon ƙwayoyi. Nakan ba ɗaliban aji uku wannan lissafi: ƙwayar haidirojin mai gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa, zafi nawa ke nan? Layi uku ne a takarda, amsar takan fito digiri miliyan gommai, daidai da abin da aka auna. Duk shekara sai na ga wani ya sake danna kalkuleta don bai yarda ba.

Juya lissafin, sai ya zama sikeli. Iska mai wannan zafi so take ta tsere. Tunda ba ta tsere ba, akwai abin da ya riƙe ta, kuma daga zafinta da yadda ta bazu ana iya lissafa nauyin da ake bukata. Da aka yi, sai aka ga taurarin dukkan galaksin da ke gungu ba su wuce kashi kaɗan cikin ɗari na nauyin ba. Iskar mai zafi ta ninka su sau da yawa, tana ɗauke da kashi 10 zuwa 15. Sauran, sama da kashi 80, wani abu ne da ba ya fitar da kowane irin haske, ba ya kuma tare shi. Ɓoyayyen abu nake kiransa a aji. Fritz Zwicky ya yi zargin haka tun 1933 da ya ga galaksin Coma suna gudun da ya kamata a ce sun watse, aka yi shekaru gommai ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. Har yau ba a kama ƙwayar wannan abu a ɗakin gwaji ba, kuma duk wanda ya ce maka ya san ko mene ne, ya riga malam masallaci.

Za ka iya cewa, to in mutum ya shiga wurin ai toka zai zama nan take. A'a. Ka tuna tartsatsin da ke tashi in mai walda yana goge ƙarfe. Kowane ɗigo ya haura digiri 1,000, yakan sauka a hannunka ka ɗan ji tsikari ka kakkaɓe. Amma kofin shayi da bai kai digiri 100 ba ya zube maka a cinya, sai an kai ka wurin abokan aikinka. Bambancin yawan abu ne. Iskar gungu ta fi duk wani fanko da ake iya yi a ɗakin gwaji zama fanko: kusan ƙwaya ɗaya a cikin lita guda, ta ɗan fi haka a tsakiya, ta gaza haka a gefe. Lita guda ta iskar da kake shaƙa yanzu tana da ƙwayoyi 25 da sifili 21 a bayansu. Wanda ya tsinci kansa a can sanyi ne zai dame shi. Girman wurin ne kawai ya sa jimillar iskar ta fi taurari nauyi.

Uhuru ƙirga kawai yake yi, ba ya ɗaukar hoto na sosai. Samun hoto sai da madubi, kuma ka fi ni sanin eksire ba ya dawowa daga madubi, shigewa yake ko a shanye shi. Dabarar ita ce ta yara a bakin kududdufi: ka jefa tsingaro tsaye ya nutse, ka wurga shi a kwance ya yi ta tsalle a kan ruwa. Hans Wolter ya tsara irin wannan madubi a 1952. Kamar ganga yake marar fata, hasken ya shigo ya goge bangon ciki da kusurwar da ba ta kai digiri ɗaya ko biyu ba, ya karkata zuwa wuri guda. Chandra, madubin hangen eksire na Amurka wanda kumbon Columbia ya kai sama a watan Yuli na 1999, yana da irin waɗannan ganguna huɗu, wata cikin wata, an shafe su da wani ƙarfe mai suna iridiyom. A Disambar shekarar Turai ta harba nata, XMM-Newton. Kai kana gama hoton ƙirji cikin ƙasa da daƙiƙa, kana cewa majinyaci ya riƙe numfashi. Hoton tsakiyar Perseus da aka fitar a 2003 sai da Chandra ya yi awa 53 yana tara haske ƙwaya-ƙwaya.

Wannan hoto ya taimaka wajen warware wata matsala da ta daɗe. Duk abin da ke fitar da haske yana hucewa. A gefen gungu iskar ta yi sirara ƙwarai, hucewarta zai ɗauki fiye da shekarun sararin samaniya baki ɗaya, biliyan 13.8. A tsakiya kuwa, inda ta fi kauri, lissafi ya nuna ya kamata ta huce cikin ƙasa da shekara biliyan ɗaya, ta kwararo ciki, ta haifi taurari ɗaruruwa a kowace shekara. Da XMM-Newton ya auna a farkon shekarun 2000, sai aka ga iskar ta ɗan huce ta tsaya. Wani yana iza wutar.

Mai izawar yana tsakiyar babbar galaksin da ke cibiyar gungu: baƙin rami, wato wurin da nauyi ya dunƙule har ko haske ba ya iya kuɓuce masa. Na galaksin M87 da ke gungun Virgo, wanda aka nuna wa duniya hotonsa a Afrilun 2019, yana da nauyin rana sau biliyan 6.5. In iska ta huce ta gangaro masa, wani ɓangare ya faɗa ciki, wani kuma a feso shi waje ta ɓangarori biyu da gudun da ya kusa na haske. Feshin yana hura manyan kumfa a cikin iskar, ana ganinsu a hoton eksire kamar ramuka biyu baƙaƙe, wasu sun kai girman galaksi sukutum. Iskar ta sake ɗumi, abincin ramin ya ragu, ya lafa, ta sake hucewa, ya sake tashi. Zugazugin maƙeri ke nan da ke zuga kansa. Yadda ainihin ƙarfin kumfar ke rikiɗewa ya zama zafi, har yanzu masana na ja-in-ja a kai. Andrew Fabian na Jami'ar Kambirij da tawagarsa sun ga wasu zobba a kewayen kumfar Perseus, kamar in ka jefa dutse a tafki, suka ce igiyoyin sauti ne, tsakanin ɗaya da mai bi mata shekara wajen miliyan 10.

A nan bari in ɗan kauce. A 2022 wani faifai ya yi ta yawo a WhatsApp da Facebook, wai kukan baƙin rami, har wasu suka yi ta ɗora masa fassarori masu ban tsoro. Waɗannan zobba ne hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauka ta ɗaga muryarsu ninki-ba-ninki har kunne ya iya ji. Bayanan na gaske ne, amma babu makirufon da ya naɗo wani kuka.

Shaidar da ta fi gamsar da ni game da ɓoyayyen abu ita ce ta wani gungu da ake wa laƙabi da Harsashi, mai nisan shekarar haske sama da biliyan 3. Gungu biyu ne suka yi karo. Ka ɗauka ranar hawan salla ce, ayarin mahaya biyu suka sukwano daga gabas da yamma, suka ratsa juna ba tare da doki ya taɓa doki ba. Dawakai sun wuce, amma ƙurar da kowane ayari ya taso da ita ta gauraya ta tsaya a tsakiyar fili. Galaksi su ne dawakan, tazarar da ke tsakaninsu ta sa ba sa karo. Iskar ita ce ƙurar, Chandra ya gan ta an baro ta a baya, har da wani yanki mai tsini kamar harsashi. Sai Douglas Clowe da abokansa a 2006 suka auna inda nauyi yake ta wata hanya dabam, wato yadda nauyi ke lanƙwasa hasken galaksin da ke can baya. Da a ce abin da muke gani shi ke nan, da nauyin ya fi yawa a wurin iskar, tunda ta fi taurari nauyi. Sai aka same shi ya bi dawakai. Akwai abu mai nauyi da ya ratsa karon bai ji komai ba.

Su kansu galaksi ɗai-ɗai suna da nasu eksiren, yawanci daga tagwayen taurari inda mataccen tauraro ko ƙaramin baƙin rami ke zuƙe abokin zamansa, da kuma ragowar taurarin da suka fashe. Galaksin da ta kutsa cikin gungu kuma takan sha wahala: iskar gungun takan kwashe mata tata iskar kamar yadda guguwa ke fizge hular ɗan acaɓa, daga nan haihuwar taurari ta tsaya mata. Wannan na cikin dalilan da suka sa galaksin tsakiyar gungu yawancinsu tsofaffi ne jajaye.

Aikin bai tsaya ba. Japan ta harba Hitomi a Fabrairun 2016, ya tarwatse bayan mako biyar, amma kafin nan ya auna motsin iskar tsakiyar Perseus, kilomita wajen 160 a daƙiƙa, ƙasa da yadda da yawa suka zata. Magajinsa XRISM ya tashi a Satumbar 2023. Na'urar Jamus mai suna eROSITA kuma ta fitar da jeri a Janairun 2024 mai gungu da ƙananan rukunai kusan 12,000.

In hunturu ya shigo aka samu daren da hazo ya yi sauƙi, ka fita bayan gari bayan isha'i, hanyar Zango ko ta Mai'aduwa inda babu fitilu. Ka nemi kaza da ƴaƴanta, ka ɗan karkata arewa da su, nan burujin Perseus yake. Gungun ba zai ganu da ido ba, ko galaksi ɗaya daga cikinsa. Eksiren da ya baro shi shekara miliyan 240 da suka wuce yana isowa a daidai lokacin da kake tsaye, iska tana shanye shi kilomita gommai a saman kanka.